Ustaz Rizk da Bayan Masu Dakon Siminti

Ƙarfe bakwai saura kwata yake fitowa daga lungun coci, jakar fata a hammata, gurasa da dafaffen wake a hannu. Ba ya hawa motar ma'aikata. A ƙafa yake bin gefen magudanar ruwa har ƙofar masana'antar siminti, ya gaisa da mai gadi, ya shiga asibitin ma'aikata, ya wuce ofisoshin likitoci, ya sauka matakala huɗu zuwa ɗakinsa na ƙarƙashin bene. Gado ɗaya ne a ciki, sai tabarmar roba da tukunyar ruwan zafi. Babu taga. A nan Ustaz Rizk Abdul-Malak, ma'aikacin gashin ƙashi, wanda muke ce wa Ustaz don girmamawa, ya yi shekara goma sha tara cikin talatin da huɗun da ya yi yana aiki.

Ranar Alhamis zai cika shekara sittin, a sallame shi. Na je ofishin ma'aikata na tambaya ko an shirya masa wani abu. Matar da ke wurin ta ɗago kai ta ce, "Wane Rizk?" Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan.

A garinmu ciwon baya gado ne. Wanda bai ɗauki buhun siminti ba ya sari rake, wadda ba ta sari rake ba ta yi shekaru a duƙe gaban tanderu. Magani kuwa kowa malami ne: wannan ya ce ƙaho, wancan ya ce allura, wata ta ce a kwanta a ƙasa wata guda. Shi Ustaz Rizk tun kana bakin ƙofa ya fara duba ka. Yana kallon yadda kake taka ƙasa da yadda kake zama. Sai ya sa ka yi tafiya a kan dunduniya, ka dawo a kan yatsu, ya kwantar da kai ya ɗaga ƙafarka a miƙe yana kallon fuskarka. Daga nan tambayoyi: ciwon yana sauka ƙafa? Ka rame? Kana zazzaɓi? Yawancin mutane yakan ce musu, "Bayanka bai karye ba, gajiya ya yi. Mako shida, in kana motsawa. In ka kwanta kana jinyarsa kamar jariri, shekara." Ya yi musu gashi, ya koya musu motsa jiki, ya nuna musu yadda ake durƙusawa a ɗauki kaya da ƙarfin cinya. Masu dako har suna suka sa masa, Ustaz Durƙusa. Yana ji, dariya yake yi.

Hajja Fawziyya mai gurasa ta ba ni labarin ranar da ta je masa da hoton ƙashinta, an ce mata sai tiyata. Ya ɗaga hoton ya duba, ya ce, "Hajja, in aka ɗauki hoton duk tsofaffin unguwarku, haka za a gani. Ke nake dubawa, ba hoton ba. Ɗaga tanderun nan taƙi biyu daga ƙasa, ki zo mini sau biyu a mako." Ta ce masa, "Kai ɗan nan, tanderun uwata ce." Ya ce, "To uwarki a miƙe ta tsufa?" Ta sa aka ɗaga. Shekara tara ke nan, wuƙa ba ta taɓa ta ba.

Amma ba don Hajja Fawziyya aka tura shi ƙarƙashin bene ba. Don yayana ne.

Yayana Shahata, wanda kowa ke kira Abu Samah, ya yi shekara ashirin da biyu yana loda buhuna a mota. Wata safiya ya sunkuya ya ɗaga buhu, ya ji wani abu ya tsinke masa a kwankwaso. Dakta Medhat, likitan asibitin, ya rubuta masa allura da hutun kwana biyu ba tare da ya ɗago kai ba. Rana ta uku ni na mayar da shi, yana jan ƙafar hagu. Aka ƙara allura. Muna fitowa muka yi kaciɓis da Ustaz Rizk, wanda a lokacin ɗakinsa yana sama, jikin na likita. Ya bi ƙafar yayana da ido, ya ce mu shigo.

Ya taɓa nan, ya taɓa can, sai ya rage murya.

"Abu Samah, yaushe rabonka da fitsari?"

"Haba Ustaz, a gaban ƙanena?"

"Ƙanenka ya juya baya. Yaushe?"

"Tun jiya da la'asar. Ina jin cikina ya cika, amma ba ya fita."

Ya ɗauko ɗan tsinke ya taɓa masa tsakanin cinyoyi. Shahata bai san an taɓa shi ba. Na ga fuskar Ustaz ta canza. Ya ce mana guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya fashe ya danne jijiyoyin ƙasa gaba ɗaya, kuma wannan ba ciwon gashi ba ne, ba na allura ba. "Tiyata, yau. In aka kai gobe, ƙila ya ƙare rayuwarsa ba ya riƙe fitsari, ba ya tsayawa."

Ya shiga wurin Dakta Medhat neman motar asibiti. Ƙofar a buɗe take, da kunnena na ji amsar.

"Rizk, kai mai tausa ne, ni ne likita. Koma ka dafa ruwanka."

Ustaz Rizk ya juya. Ya fita titi da farar rigarsa, ya tare motar haya, muka kwantar da Shahata a baya, ya zauna ya ɗora kan yayana a cinyarsa har babban asibitin birni. Kafin la'asar aka shiga da shi. Likitan da ya yi aikin ya fito ya ce, "Wa ya turo ku? Ku gode masa." Mafitsara ta dawo, ƙafar dama ta dawo. Ta hagu kuwa kwana ukun nan sun riga sun cinye ta. Har yau ja yake yi.

Ustaz Rizk ya rubuta shafi guda ya sa a fayil ɗin yayana: ciwon daga ɗaukar kaya ne, a bakin aiki ya faru, kuma sau biyu ya zo asibiti aka mayar da shi gida. Da shafin nan ya tsaya a fayil, da dole masana'anta ta ba Shahata aiki mara nauyi, ta ci gaba da kula da shi. Sai shugaban ma'aikata ya kira Ustaz ofis, ya sa aka kawo masa shayi. Masinjan ofishin, dattijo ne da har yanzu yana raye, shi ya maimaita mini hirar.

"Ustaz, mutumin nan ya manyanta. Ka rubuta ciwon shekaru ne, kowa ya huta."

"Shekararsa arba'in da huɗu, ranka ya daɗe."

"Kana da 'ya'ya mata uku, ko? Ana maganar ba ka shugabancin sashe."

"Shi ma yana da 'ya'ya. Hannuna ya taɓa bayan nan, na san abin da ya fasa shi. In kuna son wata takarda, ku nemi wani hannun."

Suka nemi wani hannun, suka samu. Shafinsa ya ɓace daga fayil. Aka sallami Shahata da cewa ba shi da lafiyar aiki. Bayan wata ɗaya aka ce ana bukatar ɗakin Ustaz na sama, aka sauke shi ƙasa "na ɗan lokaci".

Abin da ke ci mini rai ke nan, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba: tsayuwar da ya yi ba ta ceci aikin yayana ba. Gaskiya ba ta yi halinta ba. Dakta Medhat ya zama shugaban asibiti, hotonsa na nan a bango cikin gilashi. Shugaban ma'aikata ya yi ritaya da tambura da yankan raguna. Waɗanda Ustaz ya koya wa riƙe ƙafar majinyaci sun zama manyansa, suna sa hannu a takardar hutunsa.

Ya Ustaz, kai ne ka riƙa zuwa gidanmu kowace Juma'a da yamma, wata takwas cur, babu wanda ya aike ka. Kai ne ka ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bishiyar dabino, ka ce wa ƙaton da ke kuka kamar yaro, "Taku uku yau, Abu Samah, na huɗu naka ne in ka so." Kai ne ya zaga ranar da ciwo ya kai masa karo, ya ce ka tafi da igiyarka, ka zauna ka sha shayinka, ka ce, "Ka gama? To tashi." Matarsa Ummu Samah ta taɓa cusa maka soyayyun tantabaru a jaka, ka mayar, ta ce, "Wallahi in ka fita ba su, na daina buɗe maka ƙofa." Su kaɗai ka taɓa karɓa a gidanmu. Gatan marasa gata, ban san wani suna da ya fi wannan dacewa da kai ba.

Makon jiya na leƙa ɗakinsa, na tarar yana ɗaure ɗamara a ƙugu a ƙarƙashin riga. Shekara talatin da huɗu yana ɗaga manyan maza daga gado, nasa bayan ma ya gaji. Na ce, "Ustaz, kai wa zai duba ka?" Ya ce, "Na duba kaina. Ba na tiyata ba ne." Na tambaye shi wa za a kawo a madadinsa. Ya ce babu. An ce za a sayo kujerar tausa mai aiki da lantarki a ajiye a sama, ɗakinsa kuma a zuba tsintsiya da bokitai. Ina so in ga kujerar da za ta tambayi mutum yaushe rabonsa da fitsari.

Mun gode, Ustaz Rizk. Gidan Shahata sun gode, masu dako sun gode, matan tanderu sun gode. Allah Ya saka maka da abin da mutane suka hana ka, Ya ba bayanka sauƙi.

Ku kuma matasan da ke sa farar riga, ku koyi abu biyu a wurinsa: ku ɗago kai ku kalli mai ciwo, kuma kada ku sa hannu a kan abin da hannunku ya san ƙarya ne. Ban ce za a biya ku ba. Kun ga yadda aka biya shi.

Sauran mu, Alhamis ƙarfe biyu zai fito ta babbar ƙofa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan a duƙe ya fito yana tafiya, ya zo. Ba ma bukatar jawabi, ba ma bukatar izinin kowa. Shahata ya ce zai zo da sandarsa, kuma ba zai hau mota ba. Mu jeru a bakin titi, mu tsaya a miƙe, ya ga aikinsa.