Yunwar Goggo a Kolere

Ana sallame sallar asuba muka bar Yola, ni da yayana, cikin motar haya da fasinjojinta suka fi kujerunta yawa. An yi mana waya ne daga Mubi cewa Goggo, ƙanwar babanmu, ba ta da lafiya, kuma ba ciwon asibiti ba ne.

Ruwa ya raka mu daga Song har Gombi, inda muka karya da gasasshiyar masara, wadda tsadarta ta sa yayana ya tambayi mai gashin ko da nama a ciki. Bayan Hong gajimare ya rufe kawunan duwatsu. Azahar ta same mu a Mubi, keke napep ya kai mu unguwar Kolere, sauran hanyar muka taka da ƙafa saboda taɓo.

Gidan shiru, ko kaza ba ta motsi. Goggo na zaune a tsakar gida da akushin tuwon masara, ga wani a gefe da ta riga ta cinye. Mace ce mai jiki a da, yanzu zane ya zagaye ta sau biyu. Kowa na rufe da mayafi saboda sanyin ruwa, ita kuwa gumi take yi. Idanunta sun firfito, ba sa ko ƙiftawa sosai. Da na riƙe hannunta na ji yana rawa, na ga jijiyar wuyanta tana bugawa.

"'Yata, ci nake yi," in ji ta, "amma wani ne yake ƙoshi."

Wani dattijon maƙwabci ya ja mu gefe, ya nuna wata ƙofar kwano. Mai ɗakin tsohuwa ce daga Michika, ƙawar Goggo, wadda kan kawo mata kunun gyaɗa. "Wannan mata, shi ne yake cin shi," ya ce da Hausarsa ta Mubi, wai ita ce mayyar da ke cin Goggo. An daina amsa gaisuwarta, an hana ta ɗiban ruwa a rijiya. Na hango ta tana leƙen mu ta ramin ƙofa. Ban gaishe ta ba, don ni ma tsoro ya kama ni.

Washegari muka lallaɓa Goggo zuwa wani asibiti a Yelwa. Likitar ta taɓa gaban wuyanta, ta ce ta haɗiyi yawu, sai wani ƙullu ya yi sama ya dawo. Aka ɗebi jini, muka jira 'yan kwanaki.

Da sakamako ya fito ta ce tayirod ne, tsokar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Ta Goggo aiki take yi fiye da kima, tana ƙone duk abin da aka ci. Yayana ya ce to ai cikinta ne ke kiran abinci.

"A'a, Malam. Akwai sinadarin da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa idan yana jin yunwa, girelin sunansa. A masu wannan ciwon yawanci raguwa ma yake yi. Cikinta ya yi shiru. Wuyan ne ke kira."

Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce sauƙin a hankali zai zo.

Goggo ce ta ce mu biya ta ɗakin ƙawarta mu faɗa mata. Muka tarar da kwaɗo a ƙofar. Wai jikanta ya zo da babur tun shekaranjiya ya mayar da ita ƙauyensu na kan dutse. Ashe tsohuwar ta bar wa Goggo kwanon kunu a rufe a bakin ƙofar gidanta, ba wanda ya yarda ya taɓa shi, har ya yi tsami.

Washegari muka kamo hanya, muka iso Yola da la'asar. Yanzu Goggo ta fara samun barci, rawar hannun ta ragu. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, idan aka rasa sunan ciwo, sunan mutum ake ba shi. Har yau muna neman wanda ya san ƙauyen tsohuwar.