Rawar Hannun Kakana

Har yau, idan na ji warin bagaruwar da aka jiƙa, sai in tuna zauren kakana a Gwandu, shekarun da Nasara bai daɗe da zuwa ba. Da ita yake haɗa tawadar takarda. Kwafar littattafai ce sana'arsa, amma lokacin da na isa riƙe alƙalami, idonsa ya fara dushewa. Akwai littafin fiƙihu da ya yi wa wani limami alkawari, saura kaɗan ya kammala, kuma bai yarda a ga hannu biyu a littafi ɗaya ba. Ni ya zaɓa in ƙarasa, muddin rubutuna ya zama nasa.

Ƙa'idarsa ita ce kallo kafin rubutu. Ya ajiye mini shafin da ya rubuta a shekarar. Duk damina ina duban inda harafi ya miƙe, inda ya kwanta, inda bakin alƙalamin gamba ya yi kauri, inda ya sirance. Da aka yanke gero na kai masa nawa. Ya matso da shi dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Kai, ɗan nema, wanga ba hannuna ba ne," in ji shi. "Tsufana ka kwafa."

Ashe har rawar da hannunsa ke yi na kwaikwaya, ina zaton ado ce.

Sai ya haɗa ni da fatake zuwa Kalgo, gidan ƙanensa, inda ake ajiye da wani littafi da ya rubuta tun yana saurayi. A can na zauna ina kallo ina gwadawa, har aka girbe shinkafar fadama. Kafin in dawo, idon ya rufe. Ya karɓi shafina, ya bi layukan da ɗan yatsa, domin tawada mai ƙaro takan ɗan tasa a kan takarda. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙarasa." Limamin ya karɓi littafinsa, bai gano inda hannu ya sauya ba.

Daga baya na yi shekaru ina kula da takardun kotu. Akawunan yanzu sukan kawo mini rubutu a hargitse, su ce ai tafireta za ta gyara. Wannan rashin kunya ce, kuma nakan faɗa musu.

Kwanan baya jikana ya ce, "Kaka, rubuta mini layi ɗaya in kwaikwaya." Na dubi hannuna, na ajiye alƙalamin, na tura shi ya ɗauko gafakar da ke rataye a ɗakina, wadda na adana rubutuna na samartaka a cikinta.