Goggon Duwatsu Ta Ajiye Aiki

Kafin kowa ya iso ɗakin gwaji, Goggo ta riga ta sa farar rigarta, ta goge teburin ƙarfe, ta jera guntayen dutsen yashi da masu haƙar rijiyar burtsatse suka turo, kowanne kamar gwangwanin madara. Sunanta na yanka yana nan, amma daga shugaban wurin har mai shara, Goggon Duwatsu suke ce mata, da shi kuma take amsawa.

Takan ɗauki dutse guda, ta sa masa rigar roba, ta zura shi cikin tukunyar ƙarfe ta ɗaure tamau. Sai ta shiga murza famfon hannu a hankali, matsi yana hawa, har dutsen ya ji irin nauyin da yake ɗauke da shi can ƙarƙashin ƙasa. Daga nan ta tura ruwa ta baki guda, ta zauna ta zuba wa ɗaya bakin ido. Ikon Allah! Abin da za ka rantse ko iska ba ta ratsa shi, sai ga ruwa yana fita daga jikinsa ɗis-ɗis. Ashe tsakanin ƙwayoyin yashin akwai 'yan kafofi da ido ba ya gani, ta nan ruwan da garuruwa ke sha yake bi. In matsi ya ƙaru sai kafofin su tsuke, ɗigon ya ragu. Ƙanwarta takan tsokane ta da cewa, "Yaya, kowa na tatsar saniya, ke kin tsaya tatsar dutse." Ita dai dariya take yi.

Akwai wata ɗabi'a tata da ta sha jawo mata gunaguni. Yawancin masu wannan aiki, da allurar agogon matsi ta kai ƙarshe sai su rubuta abin da suka gani, su buɗe tukunya, an gama. Goggo kuwa nan ne ma take gyara zama. Takan sassauta matsin kaɗan-kaɗan, tana jira a kowane mataki ta ga ko kafofin za su sake buɗewa. Aikin wuni ya kai ta gobe, masu haƙa suna ta leƙowa ta taga suna tsaki.

Akwai wani injiniya da ba zai taɓa mance wannan ɗabi'a ba, don ya gamu da ita tun yana matashi. Shi aka danƙa wa rijiyar wata unguwa a bakin gari, inda mata suka gaji da dakon ruwa daga nesa. An gama haƙa, an yi odar ƙaton injin jan ruwa, sakamakon Goggo kawai ake jira. Ya shigo yana gumi.

"Goggo, ki rufa min asiri. Injin yana kan mota, mutanen unguwa sun hana ni sakat. Ai dutsen ya ba da ruwa, me kuma ya rage?"

"Ya bayar da na matsa shi, ɗana. Ban ga halinsa ba in na sake shi. Jawo kujera."

Ya zauna ba don ya so ba. Ta sassauta, suka jira. Ta ƙara sassautawa, suka jira. Allura ta dawo ƙasa, amma ɗigon bai dawo yadda yake ba. Ƙwayoyin yashin sun durƙushe a kan juna, kafofin da suka toshe sun toshe ke nan.

Injiniya ya san aikinsa, bai nemi dogon bayani ba, sai dai ya dafe kai. Ruwan da ke cikin kafofin nan yana taya dutse ɗaukar nauyin ƙasar da ke bisansa. In ƙaton inji ya zuƙe shi da ƙarfi, nauyin duk zai faɗa kan ƙwayoyin, su murƙushe, rijiya ta mutu mutuwar da ba ta gyaruwa. Ya mayar da ƙaton injin, ya sa ƙarami, ya ce a riƙa ba rijiyar hutu. Ranar ya sha baƙar magana a unguwar, har da masu cewa an raina musu hankali. Ya haɗiye, bai ɗora wa Goggo laifin ba.

Ke ce, Goggo, kika tsaya a kan abin da babu mai tilasta miki. Da kin buɗe tukunyar nan da wuri, babu wanda zai kama ki da laifi, in rijiya ta ƙafe bayan shekaru sai a ce daga Allah ne. Mai haƙurin zama da dutse, wallahi kina ba mu mamaki. Rijiyoyi nawa ne suke raye saboda wannan jiran naki? Ke kanki ba ki sani ba.

Da ta yi ritaya kwanan nan, injiniyan, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, ya ɗauke ta a mota zuwa unguwar, don ba ta taɓa ganin rijiyar da ido ba. Suka tarar da mata sun jera jarkoki. Goggo ta matsa kusa da famfo tana kallon ruwa, sai wata mai goyo ta ce, "Iya, in ɗiba za ki yi, ki bi layi. Wannan injin namu ba ya sauri."

Injiniya ya buɗe baki zai faɗi ko wace ce, Goggo ta riƙe masa hannun riga. Ta koma bayan layi ta tsaya. Da aka zo kanta ba ta da ko kofi, sai ta tara hannu ta sha, ta tambayi mai goyon, "'Yata, ruwan nan ya taɓa ƙafewa?"

"Wannan? Ai tun ina goye nake shan sa."

Goggo ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Mun gode, Goggo, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutu. Ku kuma da kuke tsaye gaban inji a ɗakunan da babu mai leƙawa, ku yi koyi da ita, ku kai aiki ƙarshensa ko ana ƙwanƙwasa muku taga. Akwai jaririn da ke goye yau, wanda ruwan shansa yana hannunku.