Ni da Ƙoda Ɗaya, Yaya Sale da Biyu

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Haɗeja, damina tana ban kwana, ni kuma ina aji uku a firamare. Manya duk sun tafi kasuwa, aka bar mu yara da korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Da rana ta take, muka watsar da gwangwanayen da muke kaɗawa, muka gangara bakin ruwa. Yaran unguwarmu suka jeru a kan gaɓa kamar yadda suka saba, kowa ya tsuguna a kan farin yashi don a ga wanda fitsarinsa ya fi ja. A wurinmu a lokacin jan fitsari ba ciwo ba ne. Tsargiya ce, tsargiya kuwa alamar girma ce. Yaron da bai fara ba ba a sa shi cikin maza, ba a ba shi gora ya hau ya yi iyo, sai dai a bar shi gadin riguna. Wana, Yaya Sale, shi ne sarkin wannan fage, ni kuwa na daɗe ina gadin riguna ina cizon yatsa. To, ran nan nawa ya fito ja wur, har ya fi na Yaya Sale. Na yi tsalle, na yi ihu, na kira kowa ya zo ya gani da idonsa. Ban taɓa yin murna irin ta wannan rana ba, ban kuwa san abin da nake wa murna ba.

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama ƙanin Yaya Sale ba. Shekara uku kacal ya ba ni, amma komai nasa ya yi mini nisa. In ya yi nutso a nan, sai a can gindin ciyawar kacala za ka ga kansa ya ɓullo, da tarwaɗa a hannu tana mutsu-mutsu. A langa ba a kayar da shi, a kokawa 'yan aji shida ma kewaye shi suke yi. Shi Baba yake ɗauka a kwale-kwale in za a duba taru da sassafe, ni kuma a ce in tsaya in ba akuyoyi harawa. Don haka da na koma gida ran nan, ƙirjina a buɗe na shiga. Kakarmu Iya tana tsinar shinkafa a faifai ta ji labari, ta yi dariya ta ce, "Lallai girma ya zo, sai a fara nema maka mata." Kowa ya bar maganar a nan. Sai dai nawa bai yi kama da na sauran yara ba. Su suna ta tsalle-tsallensu, ni kuwa ko tuwo ba na iya gamawa, gudu kaɗan sai haki. Inna ce ta gano. Tana cuɗa ni da soso wata safiya, hannunta ya tsaya a gefen cikina na hagu, a kan wani abu mai tauri kamar ɗanyen mangwaro. Ta ɗauraye ni ta aika a kira Baba daga gona.

A zaure aka yi ta maganar, ni ina laɓe bayan zana. Baffa Hudu, wan Baba, ya ce saifa ce, a kira wanzami ya yi tsaga, shi ma an yi masa yana yaro ga shi nan garau. Mai kemis ɗin unguwa ya ce allura uku za ta narkar da shi. Baba dai ya goya ni a keke zuwa asibitin gari. Aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce ƙari ne a kan ƙoda, yana kuma zargin ciwon daji ne, aikin ya fi ƙarfin nan, sai Kano inda ake da likitocin da wannan ne kawai sana'arsu. Baffa ya tashi tsaye. Ya ce shinkafa ta nuna, tsuntsu yana jira, kuma wanda aka kai Kano aka yanka a likkafani yake dawowa. Baba ba mai yawan magana ba ne. Abin da na ji ya ce shi ne, "Yaya, tarun da ake kama karfasa ba shi ake jefa wa giwan ruwa ba. Zan kai shi wurin masu shi." Ya bar wa Baffa da Yaya Sale girbi, muka hau mota. Ko a wannan hali sai da na leƙa ta taga in ga ko Yaya Sale yana jin haushin ni ne zan riga shi ganin Kano.

Kaɗan nake tunawa daga zaman asibitin: warin magani, ƙarin ruwan da yake sa ni amai, da gashin kaina da ya zube tas har Inna ta ce an hutar da wanzami. Aka cire ƙodar hagu da ƙarin gaba ɗaya. Ranar sallama wata likita ta zaunar da Baba, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya har ya tsufa, amma sai an riƙe ta da daraja. In sha ruwa da yawa, a rage mini gishiri, kada a ba ni maganin ciwon jiki na kemis, ban da kokawa, a riƙa kawo ni ana dubawa. Sannan ta faɗi wadda ta fi yi mini ciwo: kada in ƙara shiga ruwan fadama. Ta ce tsargiyar da muke taƙama da ita tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa, tana cin mafitsara a hankali, tana iya kaiwa har ƙoda. Baba ya karɓo wa sauran yaran gida magani. Yaya Sale ya haɗiye nasa da yamma, washegari ya koma ruwa.

Haka na dawo gadin riguna, wannan karon ba ranar sauka. Yara suka raɗa mini suna Mai Guda. Makaranta da butar dafaffen ruwa nake zuwa, in aka fita tara ana langa ni ina gindin darbejiya ina riƙe wa mutane takalma. Ranar su kuwa, wato ranar da ake buɗe tafki gari duka ya faɗa kamun kifi, ita ce ranar baƙin cikina. Maza suna ruwa da goruna da ragar koma, ana kiɗa ana ihu, ni ina kan tudu cikin mata muna fiɗar kifi. Ina kallon bayan Yaya Sale yana sheƙi a rana, ba tabo ko ɗaya, in shafa nawa ɗinkin ta cikin riga. Shi kuwa bawan Allah in ya fito, kifin da ya fi girma yake ajiye mini a gaba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai. Wata rana na ture kifin cikin yashi. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya ce, "Kai da ake kai ka Kano a mota kana shan shayi da burodi, me kake so kuma?" Iya ta dube ni ta ce, "Mai ido ɗaya ba ya gode wa Allah sai ya ga makaho." A raina na ce, to ina makahon? Duk wanda na duba biyu gare shi.

Shekaru suka tafi. Na zama malamin firamare, na yi aure, ban kuma daina zuwa ganin likitan ƙoda ba, don Baba har ya rasu bai taɓa bari lokaci ya wuce ba. Yaya Sale ya gaji kwale-kwalen da gonar. Damina yana cikin shinkafa, rani yana ban ruwan alkama da tattasai, kullum yamma ya biya kemis a haɗa masa ƙwayoyin gajiya ya watsa a baki. Jan fitsarin ma bai taɓa rabuwa da shi sosai ba. Shekarun baya kaɗan ƙafafunsa suka fara kumbura, sannan fuska. Masu ba da shawara suka taru kamar yadda suka taru a kaina, wani ya ce sammu ne, wani ya kawo saiwa a jarka. Ni na san hanya, don an taɓa bi da ni. Na sa shi a mota sai Kano. Likitoci suka ce ƙodojinsa duka biyun sun gaza, ba su kuma ɗora laifin a kan abu guda ba. Aka fara wankin ƙoda, mutumin da yake ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai ya koma sai na riƙe shi zai hau matakala. Daga baya aka ce mafita ita ce dashe, a samo ɗan'uwa na jini da zai ba da tasa. Kafin likitan ya rufe baki na miƙe. Ya san ni, ya san ɗinkin da ke cikina. Ya ce, "Malam, zauna. Kai ba ka cikin wannan." Ƙanwarmu Ladi, mai 'ya'ya uku, wadda ko iyo ba ta iya ba, ita aka gwada ta dace. Ranar da aka tura su ɗakin tiyata su biyu, ni aka bar wa kayansu in riƙe a baranda. Na yi wa Ladi addu'a da zuciya ɗaya, amma na yi kishinta irin wanda ban taɓa yi wa Yaya Sale ba.

Allah ya yi, dukansu suka tashi. Yanzu yaran unguwarmu a makaranta ake raba musu maganin tsargiya, ba na kuma jin ana taƙama da jan fitsari, ko da yake in zafi ya yi ba mai hana su ruwa. Na ga makahon da Iya take faɗa, na kuma gode wa Allah, amma da an tambaye ni da na zaɓi in mutu ban gan shi ba. Ranar su ta bana muka fita tare. Yaya Sale ya zauna kusa da ni a kan tudu, kowa da butarsa, yana bin 'ya'yansa da ido suna hawa goruna. Can ya zungure ni ya ce, "Mai Guda, ashe nan wurin haka yake da zafin rana?" Na ce masa zai saba. Yaran suka jibge mana rigunansu a gaba suka ruga, mu biyu muka zauna gadi.