Saƙon Muryar da Kawu Ya Fassara

Na manta abubuwa da yawa daga zamana na Riyad, har lambar ɗakinmu na unguwar Manfuha sai na yi tunani kafin in tuno ta. Amma akwai wata la'asar da na tabbata ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina, la'asar da na tsaya a ofishin mudir, wato manajanmu, wayata tana kan tebur tana shirin tona mini asiri.

A lokacin ina aikin shara a gidan sinima na wani babban kanti da ke unguwar Ulaya. Aikina in tsaya daga cikin ƙofar zaure har fim ya ƙare, sannan in kwashe kofuna da ɓarɓashin gugguru. Wanda ya samo mini aikin kawun yarinyar da aka yi mana baiko ne a Maradi, shi ke tuƙa motar da ke kai ma'aikata da dawo da su. Dattijo ne mai ƙarancin magana, bai taɓa leƙa zauren kallo ba, yakan ce shirme ne. Tun da aka yi baikon ban ƙara cin abinci a gabansa ba, ban kuma taɓa kama sunanta a inda yake ba. Gida ɗaya muke, amma in na ji tarinsa a matakala sai in koma ɗaki in jira ya wuce. Sharaɗinsa ɗaya ne: in cika shekara biyu a bakin aiki ba a kai masa ƙarata ba, sannan a sa ranar aure. Saura mini wata uku.

Ni kuwa littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina ɗan saurayi nake hayar su a kasuwa, in kwanta ƙarƙashin dalbejiya ina haddace kalaman samarin ciki. A zatona duk wanda bai iya tsara wa budurwa zance ba, bai san so ba.

A wannan watan aka kawo wani fim na daji. Wani Bamisire mai kula da na'urar haskawa ya gaya mini tsohon fim ne, an yi shi tun kafin a haifi iyayenmu, yanzu aka sake yin sa da sababbin 'yan wasa. Labarin wani mafarauci ne da wata mata da suka ɓace a ƙungurmin daji, ga damisa, ga kogi cike da kadoji. Ban damu da damisar ba, kiɗan ne ya kama ni. Na zaci ganguna zan ji, sai ga wani kiɗa da Bamisiren ya ce sunansa jaz. Akwai wurin da mafaraucin ke ninƙaya zuwa ga matar a ɗaya gaɓar, sai wani abin busa mai lanƙwasa ya fara kuka a hankali, kamar algaitar da aka hana ta ɗaga murya. Sau uku a rana nake jin wannan busa, sau uku tsigar jikina take tashi, fuskar masoyiyata ta cika mini ido.

Rannan a kallon la'asar zauren kusan babu kowa. Zuciyata ta ce, yaya za ka ji wannan daɗi kai kaɗai? Na fito da waya na danna saƙon murya don in tura wa masoyiyata. Don busar ta shiga sosai sai na ɗaga wayar sama, saitin allon, can kuma in sauke ta kusa da bakina in raɗa abin da ke raina, in sake ɗagawa. Na san an hana ɗaukar fim, ga hoton waya da jan layi a kowace ƙofa. Amma a wautata gani nake hoto aka hana, ni kuwa sauti kawai nake ɗiba.

Ban kai ga tura saƙon ba na ji an dafa kafaɗata. Mai tsaro ne. Ya karɓe wayar ya ce, "Ta'al, zo, mudir na kiranka."

Mudir ya juyo mini da allon kyamarar tsaro, ga ni tsaye hannu a sama kamar mai roƙon ruwa. Da Larabci ya yi magana, a nutse, wannan nutsuwar ce ta fi firgita ni. Ya ce an taɓa kama masu satar fim suna sayarwa, kuma doka a kansu ba ta wasa. In ya rubuta rahoto, kamfani zai soke iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, a ba ni huruj, fita ta ƙarshe ke nan.

"Wallahi mudir, kiɗa kawai na ɗauka."

Ya bincika wayar bai ga bidiyo ba, sai saƙon minti huɗu. Ya danna. Busar ta tashi, sai ga raɗata a kai. Ya tsayar.

"Da wa kake magana? Me kake gaya masa?"

Na ce gaisuwa ce zuwa gida. Ya ce ba zai karɓi fassarata ba, a nemo wani mai jin yarena. Mai tsaro ya ce ai direban motar ma'aikata ɗan ƙasarsu ne, yana ƙasa.

Na ce don Allah a nemo wani, ko a jira gobe akwai ɗan Zinder a aikin safe. Wannan roƙon ne ya ƙara wa mudir zargi, ya jawo takardar rahoto ya ajiye alƙalami a kai. "Ko direba yanzu, ko wannan. Zaɓi." Yanzu in na tuna sai in yi dariya, amma Allah shaida na ɗauki lokaci ina kallon takardar nan, ina auna ko jirgi bai fi mini sauƙi ba. Sai na tuna in aka kore ni auren ya tafi, in Kawu ya ji abin da ke ciki wataƙila ya tafi. Wataƙilar na kama. Na ce a kira shi.

Kawu ya shigo da carbinsa a hannu. Na durƙusa na ce, "Barka da yamma, Kawu." Ya dube ni ya ce:

"Me ka yi?"

Mudir ya yi masa bayani, ya ce yana so a fassara masa kalma da kalma, ya danna wayar. Muryata ta cika ofishin.

"Sanyin idanuna, saurari wannan busa. Ba ƙarfe ne ke kuka ba, zuciyata ce aka sa wa baki."

Mudir ya tsayar ya kalli Kawu. Carbin ya daina motsi. Na san Kawu ba ya ƙarya, ko ta wasa. Ya gyara murya, ya faɗa da Larabcinsa na direbobi: "Ya ce ita ce sanyin idonsa. Ya ce abin busan nan zuciyarsa ce." Mai tsaro ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Aka sake dannawa. "Da ni ne a bakin wannan kogi, ke kina can, wallahi ko kada ɗari ne sai na yi kokawa da su ɗaya bayan ɗaya." Kawu ya fassara, idonsa a bango. Mudir ya fara murmushi. Ni kuwa na san abin da ke gaba: sunanta, sau uku a jere, da bayanin wushiryarta, da abin da nake mafarkin faɗa mata ranar da aka kawo ta ɗakina. Yatsan mudir yana kan wayar.

Cikin dariya ya tambayi Kawu, "Wace ce wannan da ta haukata shi? Ka san ta?"

Kawu ya ce, "'Yata ce."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar mudir. Ya dubi furfurar Kawu, ya dube ni a durƙushe. Ashe su ma sun san irin wannan kunyar. Ya janye yatsansa, ya kifa wayar, ya miƙe tsaye ya ce, "Ka yafe mini, ya ammi, baffana. Halas, ya isa." A gabansa na goge saƙon, na sa hannu a takardar gargaɗi, ya mayar da ta rahoton cikin aljihun tebur.

A mota na zauna can kujerar ƙarshe. Muka sauke kowa. Da muka tsaya a ƙofar gida na lallaɓa zan sauka, sai ya kira ni.

"Kai."

"Na'am, Kawu."

"Ka iya ruwa?"

"A'a, Kawu."

"Mutumin da ko tabkin garinsu bai taɓa shiga ba, shi zai yi kokawa da kada ɗari." Ya kashe mota. "An kawo mini ƙararka, sharaɗi ya karye. Na ƙara maka wata shida. Amma gobe zan kira uwarta a sa rana, don wanda ya haukace haka gara a ɗaure shi tun bai ja mana abin kunya a ƙasar mutane ba."

Na yi wata shidan, ban ƙara fito da waya a bakin aiki ba. Matata har yau tana tsokanata in faɗa mata abin da ke cikin saƙon, ni kuwa na ƙi.

A littattafan da na karanta, jarumi shi ne mai zuba kalamai. A ofishin nan na ga wani irin so da babu shi a cikinsu: dattijo ya tsaya gaban baƙi yana haɗiye kunyarsa, yana faɗin maganar da ta fi ƙarfin bakinsa, don kada auren 'yarsa ya lalace. Tun ranar na gane daɗin baki ba shi da wuya, kowa yana iya haddace shi. Wanda ke sonka da gaske shi ne wanda zai ɗauki nauyin wautarka a kansa bai yar da kai ba.