Kunyoyin Baba a kan roba

Jiya a gidanmu na unguwar Alsawra, Baba yana shan shayi ya karɓi wayata. Hoton aikina na jami'a ne a kai: 'yar roba mai siraran layuka da muke rainon ƙwayoyin fata a kanta, saboda masu ƙuna. Wata uku ke nan suna mace mini.

Baba, da ya tsufa yana noman auduga a yankin Jazira, ya daɗe yana kallo.

"Ai kunyoyi ne. Kin matse su, ta ina za su sha?"

Na ce, "Baba, ba gona ba ce."

"Amma mai rai ne, ko?"

Yau na zana layuka masu tazara. Malamina ya yaba, ya tambayi littafin da na karanto. Ban faɗa masa daga wajen Baba na samo dabarar ba.

Ku da kun faɗa masa?