Kunyar 'Yar Fari

Ita ce 'yar farina. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu. Haka na tashi na gani, haka na yi. "Ke" nake ce mata. Abokiyar maganarta kakarta ce ta wajen uba, ita kuwa ta bi ɗanta kabari da shekara ɗaya. Muka rage mu biyu, da gonar gyaɗa, da turmi.

Tana shekara goma sha uku na ga gefen tsohon zanena yana raguwa. Na zagi akuya, na ɗauka ita ke ci. Ranar da na zaga bayan rumbu ɗebo kara, na ga an tone ƙasa an mayar. Na tona. Tsummokaran zanen ne, da jini. Binnewa take yi.

Ni da nawa ya zo, gwaggona ce ta jefo mini tsumma ta ce, "Kin girma, ki kama bakinki." Iyakar karatun ke nan, kuma ban mutu ba. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, na yi shara da shuka ni kaɗai. Amma abin da zan ce wa yarinyar nan ban san shi ba.

Na yanka sabon ƙyalle na naɗe kunzugu huɗu, na ɗora sabulu da jar kanwa don ciwon mara, na ajiye mata a kan tabarma. A ganina na yi magana. Ashe ita ta ɗauka na kama ta da laifi ne. Ta daina haɗa ido da ni. Tuwo sai ta taɓa ta ture.

Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata mai daddawa.

"Ki yi wa waccan magana."

"Wace waccan? Akuyarki?"

"Kin san wadda nake nufi."

"Oh ni! Ke kika haife ta, ni zan yi miki naƙuda ta biyu? Turo mini ita."

Na tura ta. Ta dawo fuska kamar toka. Ban tambaya ba.

Ranar kasuwar Ɗanbatta muka shiga bas da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, aka cusa mu kamar buhuna. Kusa da ita wani tsoho ne, haƙoransa ba su kai biyar ba. Gyangyaɗi ya kwashe shi, kansa ya faɗo a kafaɗarta. Ta ƙwalla ihu har direba ya taka birki. Tsohon ya farka yana salati, ya ce, "Jikata, kunama ce?" Mota ta ɗauki dariya. Na dungure mata kai don ta ba ni kunya.

Wata ya wuce ban ga shanyar kunzugu a bayan ɗaki ba. Wani watan ma haka. Ta rame, ta daina zuwa makaranta, kullum wai kanta ke ciwo. Raina ya fara kawo mini abin da ba na so. Amma yarinyar nan ba ta zuwa ko'ina sai makaranta da rijiya. To mene ne? Shawara ce? Iska ce? Na jiƙa mata saiwa, na karɓo rubutu a wajen malam. Ta sha duka, ba abin da ya canza. Sau uku ina buɗe baki in tambaye ta, sai in ji na ce, "Ke, ɗauko tsintsiya."

Wata rana da hantsi muna matsar mai, tana riƙe da turmi ina juyawa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Inna, ina da ciki."

Hannuna ya tsaya.

"Na wa?"

"Na tsohon nan na cikin mota."

"Me ya yi miki?"

"Ya taɓa ni. Mai daddawa ta ce daga yanzu namiji ya taɓa ni, shi ke nan, ciki ne."

Dariya ta taso mini, kuka ya tare ta. Wata biyu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tabarmarta na jikin tawa.

Na zauna a ƙasa na ce ta zauna. Idona a kan tunkuza, na gaya mata yadda ake samun ciki. Kalmomin da ban taɓa furtawa ba ko a gaban ubanta. Gumi ya jiƙa mini riga.

Ta ce, "To me ya sa jinin ya tsaya?"

Na ce, "Ban sani ba."

Washegari muka taka zuwa ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Malamar asibitin, yarinya ce da na isa in haife ta, ta duba ta ta ce lafiyarta ƙalau, farkon al'ada yakan zo ya tsallake. Ta ce a ba ta wake da zogale, jininta ya yi ƙasa. Sannan ta juyo gare ni.

"Mama, ki riƙa hira da ita."

Na ce, "'Yar fari ce."

"To, sai me?"

Na miƙe muka fito. Har yau ban tabbata ba, ko iyayenmu sun san wani amfanin kunyar nan da ni ban gane ba.

A hanyar gida, tsakanin gonakin gero, bakinta ya buɗe. Me ya sa nono ɗaya ke ciwo ɗaya ba ya yi? Me ya sa take jin kuka ba dalili? Malamin islamiyya ya karanta musu haila, me ya sa bai ce da ciwo ba? Wasu na sani, yawanci ban sani ba. Mata a bakin rijiya suka bi mu da kallo, na ja mayafi, amma ban ce ta yi shiru ba.

Daf da ƙofar gida ta ce, "Inna, ke ma kin ji tsoro lokacin naki?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Sai da na yi tunani.

Na ce, "Na ji."